Nashville: birnin da ya binne rabin kiɗansa a ƙarƙashin kwalta

Kawuna yana da wani kaset da ba ya rabuwa da motarsa. Motar Fijo ce 504, kaset ɗin kuwa na Don Williams ne, ya sha rana a gaban gilashi har rubutun jikinsa ya koɗe. Duk tafiyar da muka yi da shi tsakanin Kano da Zariya muna yara, wannan murya mai kauri da sanyi ita ke raka mu, Kawu na bin ta ƙasa-ƙasa yana kaɗa yatsa a kan sitiyari, alhali rabin Turancin ta saman kansa yake wucewa. Ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikata da malaman makaranta na zamaninsa da yawa sun tashi da Jim Reeves da Dolly Parton da Kenny Rogers a kunne, domin gidajen rediyonmu sun yi ta sa su har suka zama 'yan gida. Wanda ya ɗan san kan abin a cikinsu zai ce maka wannan kiɗa da ake kira kantiri gidansa Nashville ne, babban birnin jihar Tennessee a kudancin Amurka. Da an ambaci sunan garin kuma, hoto ɗaya ke faɗo wa mutum a rai: Bature da malafar kaboyi, rungume da jita.

Hoton gaskiya ne, sai dai an yage rabinsa. Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajejen 1970, Nashville na cikin garuruwan da kiɗan baƙaƙen fata na R&B ya jingina da su. A nan ake buga faifansa, daga nan ake watsa shi zuwa rabin Amurka cikin dare, a nan kuma wasu gwanayensa suka koyi sana'a. Yau baƙo zai kwana uku a garin ya tafi bai ji ɗuriyar wannan labari ba, muddin bai neme shi ba. Ni dai a ganina dalilin a fili yake. Gwanintar makaɗa ba ita ke raɗa wa gari suna ba. Masu raɗin su ne waɗanda ke riƙe da takardar fili, da takardar mallakar waƙa, da kujera a ɗakin da ake zana taswirar hanya. Baƙaƙen Nashville suna da murya, suna da masu sauraro, waɗannan ukun ne ba su da su.

In za a bi tarihi tsakani da Allah, waɗanda suka fara fitar da sunan Nashville duniya ta hanyar waƙa baƙaƙe ne. A 1866, shekara guda bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, aka buɗe makarantar Fisk domin 'yantattun bayi. Ba a je ko'ina ba talauci ya kusa rufe ta. Sai a watan Oktoban 1871 ɗalibai 9, yawancinsu cikin bauta aka haife su, suka fita yawon waƙa don tara wa makarantar kuɗi. Su ne Fisk Jubilee Singers. Waƙoƙin ibada da iyayensu ke rerawa a gonakin iyayengiji suka ɗauka suka kai majami'u da zaurukan arewacin ƙasar, a 1873 kuma suka tsallaka Ingila suka rera a gaban Sarauniya Biktoriya. Da kuɗin da suka tara aka gina Jubilee Hall, wanda ke tsaye har gobe. 'Yan garin na son cewa wai Sarauniyar ce ta fara kiran Nashville birnin kiɗa. Wannan hira ce mai daɗi kawai, laƙabin ya bazu ne daga bakin David Cobb, wani mai gabatarwa a gidan rediyon WSM, a 1950. Amma lissafin shekaru ba ya ƙarya: shirin rediyo na Grand Ole Opry, uwa ma ba da mama ga kiɗan kantiri, a 1925 aka fara shi, shekara 54 bayan fitar waɗancan ɗalibai.

Shi kansa rabon kiɗan kudancin Amurka gida biyu, na baƙi da na fari, aikin 'yan kasuwa ne. A shekarun 1920 kamfanonin faifai suka lura cewa in sun ware kaya za su fi ciniki, sai suka buɗe kundi biyu, ɗaya na "faifan launin fata" don baƙaƙe, ɗaya na ƙauyawan kan tsauni don talakawan Turawa. A 1949 mujallar Billboard ta daina cewa faifan launin fata ta koma cewa rhythm and blues, wanda aka gajarta R&B, a shekarar kuma ta fara kiran ɗaya ɓangaren country and western. Suna ya sauya, katanga na nan daram. Makaɗan kuwa ba ruwansu da katanga. Banjo, da ake ɗauka tambarin ƙauyawan Turawa ne, bayi 'yan Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi, in ya ga hoton banjo na farko zai shaida dangi. Hank Williams, wanda 'yan kantiri ke ɗauka kamar waliyinsu, a hannun Rufus Payne ya koyi jita, wani baƙar fata mai kiɗa a bakin titi a Alabama.

A daren da aka raɗa wa shirin nan suna Grand Ole Opry a 1927, wanda aka fara kira ya yi wasa baƙar fata ne, DeFord Bailey. Ɗan ƙaramin mutum ne, shan inna ta kama shi yana shekara 3 ta tauye masa girma, tsayinsa bai kai ƙafa 5 ba. A kwancen da ya yi yana jinya ya koyi harmonika, ɗan abin busan nan na ƙarfe da ake zuƙa ana hurawa, ya riƙa kwaikwayon duk abin da kunnensa ya jiyo daga waje: kaji, karnukan farauta, jirgin ƙasa. Abin da ya busa a daren nan ma jirgin ƙasa ne, tun daga tashinsa a hankali yana huci har ya ɗauki gudu yana kuwwa. Ya yi kimanin shekara 15 yana cikin taurarin shirin. Roy Acuff da Bill Monroe, lokacin suna sababbin shiga, da shi suke fita rangadi don sunansa ne ke tara jama'a. Amma in an tashi daga wasa dare ya raba, su su shige otal, shi kuma a nema masa gidan wani baƙar fata ko ya kwana a mota. Akwai lokacin da sai da aka ce shi yaron wani mawaƙi ne mai ɗaukar masa jaka kafin a bar shi ya shiga ɗaki. A 1941, ana tsakiyar rikicin kuɗin haƙƙin waƙa tsakanin gidajen rediyo da ƙungiyar marubuta waƙa ta ASCAP, aka sallame shi. Shugaban shirin, George D. Hay, ya rubuta daga baya cewa wai lalaci ne ya hana shi koyon sababbin waƙoƙi, har ya jingina lalacin da launin fatarsa. Bailey ya koma shushaina a cikin Nashville, ya yi shekara da shekaru yana goge takalma a garin da ya taɓa cika da busarsa. Ya rasu a 1982. Sai a 2005 aka sa sunansa a zauren girmama gwarazan kantiri.

Ga wani abin da ke ba ni dariya. Manyan gidajen rediyo biyu na garin duk kamfanonin inshora ne suka kafa su don tallar hajarsu. National Life ta buɗe WSM a 1925, Life and Casualty ta buɗe WLAC a 1926. Ta farko ta riƙe Opry. Ta biyu kuwa, ba tare da wani tsari ba, ta tsinci kanta tsundum cikin R&B. Wajen 1946 wani mai sa faifai da dare, Gene Nobles, ya fara jefa waƙoƙin baƙaƙe cikin shirinsa. Ana cewa ɗaliban jami'o'in baƙaƙe na garin ne ke kawo masa faifan. Sai wasiƙu suka fara zubowa daga garuruwan da ko sunansu bai sani ba.

Wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo a ƙauye bayan sallar isha'i ya san yadda tashoshin nesa ke shigowa tar a matsakaicin zango, waɗanda da rana ko motsinsu ba a ji. Haka WLAC take. Tana da ƙarfin wat 50,000 a kan lamba 1510, da dare sai muryarta ta mamaye kudanci da gabashin Amurka, ta leƙa Kanada, ta sauka tsibiran Karibiyan har Jamaika. A zamanin da yawancin tashoshi ba sa ko taɓa faifan baƙar fata, yaro a ƙauyen Mississippi ko Georgia, baƙi ne ko fari, zai tura rediyo ƙarƙashin matashi ya ji Muddy Waters da B.B. King da Little Richard da James Brown, iyayensa na barci. Tsakanin waƙa da waƙa sai a yi tallar man gashi, da 'yan tsaki da za a aiko maka a kwali ta gidan waya, da ƙunshin faifai a farashi mai rahusa daga kantin Randy's da ke Gallatin ko kantin Ernie's da ke cikin Nashville. Mutumin da garinsu babu mai sayar da irin wannan faifai sai ya aika kuɗinsa, masinja ya kawo masa har ƙofar gida.

Masu gabatarwa huɗu da suka yi suna a wannan tasha, wato Nobles da John Richbourg da ake kira John R. da Bill "Hoss" Allen da Herman Grizzard, dukkansu Turawa ne. John R. ya iya karya harshe irin na baƙaƙen kudu har masu sauraro da yawa suka yi shekaru suna zaton ɗan uwansu ne. Ba na cikin masu zaginsu. Sun so kiɗan da gaske, sun buɗe masa ƙofa a lokacin da yin hakan ke jawo wa mutum baƙin jini, mawaƙa da dama kuma sun yi ta yi musu godiya har ƙarshen rayuwarsu. Amma a tsaya a dubi layin nan da kyau: mai tasha Bature, mai magana Bature, mai kanti Bature, mai kamfanin faifai Bature.

Ernie Young, mai kantin Ernie's, ya ga cewa da sayar da na wasu gara ya buga nasa. Ya kafa Nashboro a 1951 don waƙoƙin coci, ya kafa Excello a 1952 don na duniya. A Excello ne Slim Harpo ya fito, wanda samarin Ingila irin su Rolling Stones suka kwaikwaya tun suna neman suna. A 1954 kamfanin ya ɗauki wata waƙa ta wani mazaunin Nashville, Arthur Gunter, mai suna "Baby Let's Play House". Shekara na zagayowa wani yaro Bature a Memphis, Elvis Presley, ya sake rera ta, ta zama faifansa na farko da ya shiga jerin Billboard na ƙasa baki ɗaya. Wane jeri? Na kantiri. Waƙa ɗaya ce, a bakin Gunter ta baƙaƙe, a bakin Elvis ta Turawa.

Randy Wood kuwa ya fi kowa sanin inda kuɗi ke kwana. Odar da ke shigowa kantinsa kullum tana nuna masa waƙoƙin baƙaƙe da samari ke rububi tun kafin kowa ya farga. Ya kafa kamfanin Dot, ya ɗauko Pat Boone, wani saurayi mai fara'a da ya tashi a Nashville, ya riƙa ba shi waƙoƙin Fats Domino da Little Richard yana rerawa a tausashe, an tsame musu yaji yadda iyayen Turawa ba za su firgita ba. Tashoshin da suka ƙi na asali suka karɓi kwafin hannu bibbiyu. A 1957 Wood ya sayar wa kamfanin fina-finai na Paramount da Dot a kan dala miliyan 3. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

An samu baƙar fata ɗaya da ya kutsa har ɗakin rubutu da shirya faifai, Ted Jarrett, wanda ya taɓa karatu a Fisk. Shi ya rubuta waƙar da ta fito da Gene Allison a 1957, wadda Rolling Stones suka saka a kundinsu na farko. A 1955 kuma wata waƙarsa ta hau lamba ɗaya a jerin kantiri a bakin Webb Pierce. Ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa ranar da ya je otal ɗin Hermitage karɓar lambar yabo kan wannan waƙa, ɗan sanda ne ya tare shi a ƙofa, don bai yarda an gayyaci baƙar fata wurin ba. Ruwan ma ba gefe ɗaya yake gudu ba. A 1962 Ray Charles ya kwashi waƙoƙin marubutan kantiri ya rera su irin tasa, ya kai su kunnen miliyoyin da ba su taɓa waiwayarsu ba. A 1969 Joe Simon ya hau lamba ɗaya a jerin R&B da waƙar Harlan Howard, marubucin kantiri, John R. ne kuma ya shirya faifan. Bobby Hebb, ɗan makafi biyu mawaƙa a Nashville, yana yaro ya yi rawa da kiɗan cokula a ƙungiyar Roy Acuff a dandalin Opry, sannan ya girma ya rubuta "Sunny", wadda ta fito a 1966. Tsaran Kawu sun san waƙar nan, sai dai a bakin Boney M suka san ta.

Zuciyar abin dai titin Jefferson ne, a arewacin birnin. Dokar wariya ta tara baƙaƙe a wannan yanki, su kuma suka mai da shi gari guda. Jami'ar Fisk, kwalejin likitanci ta Meharry, da jami'ar baƙaƙe ta jiha da yanzu ake kira Tennessee State, duk a kan layi ɗaya suke. Ga majami'u, ga shagunan aski, ga gidajen abinci da silima da otal. Likita da lebura wuri ɗaya suke cin abinci, domin kuɗin likitan ba za su saya masa kujera a cikin gari ba. Da dare sai gidajen rawa su buɗe, su Del Morocco da Club Baron da Maceo's, duk wani babban mawaƙi baƙar fata da ke zagayen kudu kuma sai ya yada zango.

A 1962 wani soja da aka sallama daga barikin Fort Campbell, kimanin kilomita 100 daga Nashville, ya gangaro garin tare da abokinsa Billy Cox. Jimi Hendrix ke nan, wanda daga baya ya zama gwarzon jita na duniya, lokacin ba kowa ba ne. Suka samu aikin kiɗa a Del Morocco. Tsofaffin titin sun daɗe suna ba da labarin daren da ya ɗauki jitarsa ya nufi Club Baron don ya kara da Johnny Jones, zakaran jitar garin, ya kuma sha kaye. Akwai wani guntun bidiyo na 1965 a intanet, baƙi da fari, na kalle shi ya fi sau goma. Mawaƙa biyu ne a gaba suna tiƙar rawa, a bayansu layin makaɗa, can a cikin layin ga wani siriri bahago yana rausaya yana wasa da hannu a wuyan jita kamar wanda aka ɗaure yana neman kwancewa. Ba wanda ya ambaci sunansa. Shi ne bidiyo mafi tsufa da aka sani na Hendrix yana kiɗa, shekara 2 kafin ya cinna wa jitarsa wuta a bikin kiɗa na Monterey duniya ta san shi. Shirin da aka ɗauki bidiyon, Night Train, a tashar talabijin ta WLAC aka fara shi a 1964, Noble Blackwell ke gabatarwa, baƙaƙe ne zalla a gaban kyamara, shekara 6 kafin Soul Train, shahararren shirin kiɗan baƙaƙe na talabijin, ya fara a Chicago. Wanda kuma ke son jin yadda daren Nashville yake a lokacin, ya nemi faifan da Etta James ta ɗauka kai tsaye a gidan rawa na New Era a watan Satumban 1963. Ana jin ihun mutane a ciki, tana jefa musu baiti suna cafewa suna mayar mata, wani wurin ma ta mai da maƙogwaronta harmonika. Amshi ne irin wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya sani.

Sai aka zo da hanya.

Tun a shekarun 1950 an fara da unguwar baƙaƙe ta kusa da majalisar jiha, aka rushe ta da sunan gyaran birni. Gidan wasa na Bijou, inda Bessie Smith ta taɓa waƙa, a 1957 ya tafi. Babban bugun kuwa daga I-40 ya zo, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin haɗa jihohi da dokar 1956 ta samar. Zanen farko ya bi ta kusa da jami'ar Vanderbilt da unguwannin Turawa. Wanda aka amince da shi a ƙarshe ya karkata arewa, ya ratsa tsakiyar unguwar baƙaƙe, ya yanka titin Jefferson, ya shiga tsakanin jami'o'in nan. An yi taron jin ra'ayin jama'a a 1957, amma sanarwar da aka manna kwanan watan da ke jikinta ba daidai ba ne. Sai a 1967 mazauna suka gane girman abin da ke tafe, suka kafa kwamiti, lauya Avon Williams ya kai ƙara kotun tarayya. Suka faɗi, suka ɗaukaka ƙara suka sake faɗuwa, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi ko sauraron su. Katafila ta shiga. Ɗaruruwan gidaje suka kwanta, shaguna sama da 100 suka rushe ko suka rasa masu ciniki, mutum fiye da 1,000 suka tashi, tituna da yawa suka koma lungu marar fita. Del Morocco na cikin abin da aka share.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a Memphis, cikin jihar nan dai. Ita wannan I-40 ɗin an tsara ta ratsa Overton Park, wani lambun shaƙatawa mai tsofaffin itatuwa da gidan namun daji. Mazauna yankin, yawancinsu Turawa masu rufin asiri, suka kai ƙara, a 1971 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, har yau kuma hanyar zagaye lambun take yi. Lauya zai ce shari'o'in biyu ba ɗaya ba ne, domin akwai dokar 1966 da ta ba lambuna kariya ta musamman. Haka ne. Amma ai nan gizo ke saƙar: an samu wanda ya zauna ya rubuta dokar kare itatuwa, ba a samu wanda ya rubuta ta kare unguwa ba. A shekarar 1967 ɗin da mutanen Jefferson ke zarya a kotu kuma, a ɗaya gefen garin aka buɗe gidan tarihin kiɗan kantiri a unguwar Music Row, matattarar kamfanonin kiɗan kantiri.

Za a ce na cika ɗora wa kwalta laifi, kuma mai faɗin haka yana da abin kamawa. Titin Jefferson ya fara ramewa tun kafin katafila. A watan Fabrairun 1960 ɗaliban garin, cikinsu har da Diane Nash da John Lewis, suka fara zaman dirshan a kantunan cin abinci na cikin gari. Aka doke su, aka kulle su, amma a watan Mayu kantunan suka buɗe wa kowa. Da ƙofofin suka buɗe, likitan nan ya samu inda zai kai kuɗinsa ban da Jefferson. Nasara ce da ta zo da asararta, kuma ta faru a garuruwan da ba a ratsa da hanya ba. Sannan 'yan kantiri ba a kwance suka samu sunan ba. Manyan Nashville sun daɗe suna yi musu kallon ƙauyawa, su da ke kiran garinsu Atina ta Kudu har suka gina kwafin tsohon haikalin Girka a tsakiyar lambu. Roy Acuff da Fred Rose suka kafa kamfanin mallakar waƙoƙi a 1942, Owen Bradley da ɗan uwansa suka buɗe ɗakin ɗaukar murya a tsakiyar shekarun 1950, RCA ta gina nata a 1957. Da kiɗan su Elvis ya kusa haɗiye su, suka haɗa kai suka kafa CMA, ƙungiyar masu sana'ar kiɗan kantiri, a 1958, suka bi gidajen rediyo da masu talla ɗaya bayan ɗaya. A 1961 tashoshi 81 ne kacal a duk Amurka ke sa kantiri zalla. Wannan aiki ne, ba na ƙwace musu ladansa.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana bukatar banki mai ba ka bashi, da fili da ka tabbata gobe yana nan, da hukumar da in ka buga waya za a ɗauka. Hanyar da ta yanka Jefferson ta gefen Music Row ta wuce, ta zama mai kawo musu baƙi. Kasuwar da ta yi sanyi tana iya farfaɗowa in masu rumfa na nan. Wadda aka shimfiɗa wa kwalta fa? Misalin Detroit ya ishe ni hujja. Can ma babbar hanya ta cinye titin Hastings, cibiyar kiɗan baƙaƙen garin. Amma da yake Berry Gordy, baƙar fata, shi ke da kamfanin Motown, shi ke da haƙƙin waƙoƙin, danginsa kuma suka riƙe gidan da aka fara aikin suka mai da shi gidan tarihi, har yau in an ce Detroit sai a ce Motown, ko da yake kamfanin ya ƙaura Los Angeles tun 1972. Kundin Excello kuwa ya yi ta sauya hannu har ya ƙare a rumbun wani katafaren kamfani da ba ruwansa da titin Jefferson.

Birnin ya fara tunawa, a makare. A 2004 gidan tarihin kantiri da kansa ya shirya babban nuni kan R&B na Nashville daga 1945 zuwa 1970, kundin waƙoƙin da ya fito tare da nunin kuma ya ci kyautar Grammy a 2005. A watan Janairun 2021 aka buɗe gidan tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka na ƙasa. Da farko a kan titin Jefferson aka so gina shi. A ƙarshe tsakiyar gari aka kai shi, daura da zauren Ryman inda Opry ta zauna daga 1943 zuwa 1974, cikin hayaniyar mashayun kantiri, inda ƙafar 'yan yawon buɗe ido take. Na fahimci lissafin, gidan tarihi ma tikiti yake ci. Da babu gara ba daɗi. Amma ko kwabon da labarin Jefferson zai kawo yanzu, a wata unguwa ake kashe shi. Katangar 1920 ɗin ma ba ta gama faɗuwa ba: kundin kantiri da Beyoncé ta fitar a 2024 ko sau ɗaya CMA ba ta ambace shi a jerin 'yan takararta ba, sai ga shi a 2025 ya ci Grammy na kundin kantiri mafi kyau, karon farko da baƙar fata ya ci wannan kyauta.

Ita unguwar kuwa, wani bincike na cibiyar Brookings a 2018 ya gano cewa a cikin waɗanda aka haifa tsakanin 1980 da 1986, yankin arewacin Nashville mai lambar gidan waya 37208 ya fi ko'ina a Amurka yawan waɗanda ke kurkuku, kashi 14 cikin 100. Ba hanya kaɗai ta jawo wannan ba, amma 'ya'ya da jikokin waɗanda aka tarwatsa ne. Da guguwa ta ratsa unguwar a watan Maris na 2020, mutane ba su gama kwashe ɓaraguzai ba dillalan filaye suka fara kira suna tayin kuɗi hannu. A 2021 hukumar birnin ta kawo shawarar a yi wa wani sashe na I-40 rufi, a dasa lambu a kai, wai don a ɗinke abin da aka yage. Mazauna da yawa ba su yi saurin tafi ba. Tambayarsu ita ce lambun na wa, tunda gidajen unguwar sun riga sun yi tsadar da 'ya'yansu ba sa iya saya, kuma lambu ƙara musu kuɗi zai yi. Aka jingine maganar.

Ina bayansu. In birnin na son rage bashin da ke kansa, ya fara da tsofaffin da har yanzu ke riƙe da takardun gidajensu a yankin, ya sauƙaƙa musu harajin da ke neman korarsu, ya ba 'ya'yansu jarin buɗe shago a titin kakanninsu. Ya kuma waiwayi ginin Club Baron, wanda ke tsaye har yanzu a hannun wata ƙungiyar zumunta ta baƙaƙe. Dandamalin da Johnny Jones ya kayar da Hendrix yana cikin wannan ginin.